Tauraron da Efo Gameli Ya Tono

Ni da Efo Gameli gida ɗaya aka haife mu a Keta. Ubana da ubansa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya girme ni da shekara shida, shi ya sa har ya koma ga Allah ban taɓa kiran sunansa gatsau ba, sai na sa masa Efo, yadda ake wa yaya. Gidan namu na dutse ne, bene, kakanmu ya gina shi a layi na uku daga bakin teku. Yau idan masunta suka tura kwale-kwale da safe, ta kansa suke bi.

Ubansa Ametefe tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Turawa. Mutum ne mara magana, gadi yake yi a wani kantin atamfa, in ya dawo ya zauna bakin ƙofa yana tari. Akwai hotonsa a bangon falo, yana saurayi, da kaki da tauraron tagulla na lambar yabo a ƙirji. Akwai kuma akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kullum da kwaɗo. Da ya rasu a shekarar 1975, tsofaffin sojoji 'yan'uwansa su biyar suka zo, suka fitar da kowa daga ɗakin, suka shirya shi da kansu, suka buga wa akwatin gawa ƙusa. Da aka buɗe ƙofa sai ga akwatin ƙarfen nan a hangame, ba komai a ciki. Kowa ya ce an haɗa shi da kayan sojansa, har da tauraron. A cikin ɗakinsa aka binne shi, yadda ake wa dattawan gida a lokacin, aka shafe wurin da siminti.

Gameli shi ne ɗan fari. Tun yana makaranta hannunsa ke son waya da ƙusoshi, kafin ya kai ashirin duk rediyon da ta mutu a unguwarmu gidanmu ake kawo ta. Bayan rasuwar uban da shekara huɗu ya bi samarin garin zuwa Legas, ya sami rumfa a Agege, aiki ya buɗe masa.

Teku ta daɗe tana cin Keta, tun kafin a haife mu, amma a hankali take ci, har mutane suka saba. A shekara ta biyu da tafiyarsa ta canza hali. Layin farko ya tafi cikin damina ɗaya. Layi na biyu ya fara tsagewa. Gidajen da ke da mamata a ɗaka suka shiga fasa siminti suna kwashe ƙasusuwa zuwa sabuwar maƙabarta. Mu ma mun shirya, amma a wurinmu ba mai fasa kabarin uba sai ɗansa na fari. Shi zai tsiyaya giya a ƙasa, ya kira sunan mamacin, ya gaya masa ya tashi za a ƙaura. Ubana ya rubuta wa Gameli wasiƙa uku. Ya amsa ɗaya, ya ce a yi masa haƙuri zuwa Kirsimeti. Wani dattijo ya ba da shawara ubana ya tsaya a madadinsa, uwar Gameli, Dada Mawusi, ta ce a'a, ɗanta zai zo. A watan Oktoba muka kwashe kaya muka koma ɗakunan kwano a gefen tafki. Wata safiya muka je duba gidan muka tarar da rabinsa kawai. Ɗakin Ametefe yana cikin rabin da ya tafi.

Bai zo Kirsimetin ba. Sai a 1983, shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, ya sauko daga bayan wata babbar mota da jaka ɗaya da akwatin kayan aikinsa. Ni na kai shi bakin teku na nuna masa wajen da hannu, don lokacin ko tubali ɗaya bai rage ba. Ya daɗe a tsaye. Uwarsa ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tuƙa akple, tuwon masararmu, da miyar kuɓewa ta ajiye masa, ta tambaye shi hanya. Amma daga ranar har ta rasu, shekara goma sha ɗaya, ba ta sake kiran sunansa ba. In tana son a ba shi abu sai ta ce da ni, Dzigbordi, miƙa wa baƙon Legas.

Daga baya ya gaya mini wasiƙun duka sun same shi. Ya ce tun yana yaro ake cewa teku za ta ci gidan, ba ta ci ba, sai ya ɗauka wannan ma irin ta ce. Kuma akwai wata mace a Agege. Iyakar bayanin da ya taɓa yi ke nan.

Ya kafa teburin gyaran rediyo a gindin wata bishiyar dalbejiya kusa da tasha. Ya auri Adzovi, mai sayar da ƙananan albasa daga Anloga, mace mai dariya da ƙarfin hali, suka haifi 'ya ɗaya, Seyram. Ni kuma na yi aure na kama sana'ar uwata, bandar kifi. Da haka rayuwa ta ci gaba da ba wanda zai tuna da shi yau sai mu danginsa.

Sai aka zo aikin tare teku, aka yi ta jibge manyan duwatsu ana turo yashi. Cikin ma'aikatan akwai wani Bature dattijo da ke fita ran Lahadi da wata sanda mai faifai a ƙasa, ya toshe kunnuwa yana shara da ita a kan yashi. In ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi ƙara, ya durƙusa ya tona. Wata rana ruwan gishiri ya shige ta ta mutu, aka nuna masa teburin Gameli. Kwana huɗu ya yi a kanta ya tashe ta. Daga nan tare suke fita, Bature na gaba, shi yana riƙe da shebur. Da aiki ya ƙare Baturen ya ce ba zai ɗauki tsohuwar na'ura zuwa ƙasarsu ba, ya bar masa ita.

Tun daga nan Keta ta san shi da sabon suna, Mai Sharar Teku. Da ruwa ya janye zai fito, da wando gajere da hular kaba da jakar buhu a kafaɗa, yana tafiya kamar mai bin gawa, sandar tana kai da komo a gabansa. Masu jan koma ba sa barinsa ya wuce lafiya.

"Efo, tsintsiyarka ta yi kuka yau? Murfin kwalba nawa ta haifa?"

Shi kuma ya ɗaga abin kunnen gefe guda ya ce, "Ta fi komarku. Jiya mutum arba'in kuka yi ta waƙa har rana tsaka, kuka jawo leda da takalmi wari ɗaya."

Su bushe da dariya, ya wuce.

Gaskiya murfin kwalba ya fi yawa. Amma rabin gari ne a cikin ruwan nan, da kantunansa da majami'unsa da gidan waya, kuma duk lokacin da teku ta yi fushi sai ta amayo wani abu. Ya samo kwabo mai huji ba iyaka, da anini da sisi da sule masu kan sarakunan Ingila, wasu sun cinye sai ka kara a rana kafin ka ga rubutu. Ya samo cokula, da maɓallan tagulla, da kan famfo, da dutsen guga, da harsashen bindigar toka. Makullai kuwa sun cika bokiti. Ba bakin teku kaɗai ba, har filin tsohuwar kasuwa da filin ƙwallon makaranta yana bi. Sau ɗaya ya shiga harabar tsohon kurkukun Turawa, inda ake tara bayi a da. Na'urar ta yi ƙara a gindin bango, ya tono wani zoben ƙarfe mai kunne biyu, irin na ɗaure ƙafa, ƙarami ƙwarai. Ya kai wa mai gadin wurin, mai gadin ya yi masa faɗan tono ba izini, shi kuma ya je ya wanke hannu a teku. Bai sake taka wurin ba.

Duk abin da ya samo sai ya jiƙa shi a ruwan lemun tsami, ya goge da tsohon buroshi, ya sa a gwangwanin madara, ya manna takarda. Ba ranar samu kaɗai yake rubutawa ba, har da layin da yake ganin abin ya fito. Ya san yadda ruwa ke jan kaya zuwa gabas, kuma tsohon garin yana nan a kansa layi-layi, gida-gida. Ran Lahadi bayan an taso daga majami'a tsofaffi kan biyo ta gidansa, ya shimfiɗa tabarma ya zazzage musu. Sai ka ji ana musu a kan wane ne ke da kanti kusa da gidan waya, ko wace shekara aka daina karɓar anini. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta ɗauki makulli ɗaya daga cikin ɗari ta rantse na shagon mijinta ne. Gameli ya san ba yadda za a yi ta gane, ya ce ta tafi da shi. Ta ƙulle shi a bakin zane tana hawaye.

Ni na san abin da yake nema, ko da bai faɗa ba. Inda yake farawa kullum ya isa shaida: daidai saitin gidanmu, daga nan ya yi gabas. Katako ya ruɓe, ƙashi ya narke, amma tagulla ba ta ruɓewa. Wata rana na tare shi na ce, Efo, mamacin nan ya huta, kai ma ka huta. Ya ce mini bai san maganar da nake yi ba, kuɗin da can yake tarawa don yara su gani.

Gida kuwa ya fara lalacewa. Mutane sun koma waya, rediyo in ta mutu sai a yar a sayi wata. Teburinsa ya kan yi kwana uku ba a buɗe ba. Adzovi ce ke ɗauke da komai da kwandon albasarta, kuma ta yi shekaru tana yi ba ƙorafi, har zolayarsa take cewa ta auri miji ta sami ɗan jari-bola. Sai wani dillali ya zo daga Lome ya ga kwabban nan ya ce zai saye duka. Gameli ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya ce ba na sayarwa ba ne. Lokacin rufin ɗakinsu na yoyo a kan gado. Adzovi ba ta ɗaga murya ba. Bayan mako biyu ta ce za ta je taya uwarta cirar albasa a Anloga, ta tafi da Seyram. Cirar albasar ba ta ƙare ba har yau. Ba saki aka yi ba, in sun haɗu a jana'iza suna gaisawa, ta kan ma aiko masa da gari. Ni ce na koma aika masa abinci.

A shekara ta shida da samun na'urar, cikin watan Nuwamba, teku ta tsallako da asuba ta shiga unguwanni. Murhun bandata biyu suka rushe, kifin mako guda ya bi ruwa. Kowa na fitar da katifa yana shanya, ana neman awaki, shi kuwa gari na wayewa ya saɓi sandarsa ya yi bakin ruwa. Mutane sun ji haushinsa ranar, ni ma na ji. Igiyar ruwa ta kwashe yashi mai yawa, har tsofaffin tubala da ba a gani ba shekara talatin suka fito fili. Kwana uku yana can.

Ran na uku da azahar ina kwaɓa laka don gyaran murhu, sai na ga inuwa a kaina. Ya durƙusa ya buɗe tafin hannunsa. Tauraro ne mai tsini shida, ya yi kore, tsini ɗaya ya lanƙwashe, da ɗan zobe a samansa. Ya ce, "Dzigbordi, duba mini, idona ba ya gani sosai." Na wanke hannu na karɓa. Hoton falon nan yana ɗakinsa, kullum ina ganinsa in na kai abinci. Na ce shi ne. Ya zauna daɓas a cikin lakata ya rufe fuska da hularsa.

A wurinmu in ruwa ya ci mutum ba a ga gawa ba, a kan binne wani abu nasa, ya sami makwanci cikin 'yan'uwansa. Babban gidanmu ya tara dattawa, suka yarda a yi wa Ametefe haka. Aka sa ranar Asabar ta farko a watan Fabrairu. Aka aika wa dangi a Akra da Lome da Ho. Kafinta ya ƙera ɗan akwati kamar na jariri, Gameli ya shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Watanni ukun nan ban taɓa ganinsa haka ba. Ya yi aski, ya gyara rufin ɗaki, ya je Anloga da kansa ya gaya wa Adzovi, ta ce za ta zo ta yi girki. Masu jan koma ma suka daina tsokanarsa, in ya wuce sai su ɗaga masa hannu.

Saura kwana biyu ya ce in raka shi Dzelukope. Cikin sojojin nan biyar da suka shirya ubansa saura mutum ɗaya a raye, Togbi Dotse, ya kusa casa'in, idonsa ya tafi. Gameli yana so a ɗauko shi ran Asabar ya yi magana a bakin kabari. Muka same shi kan kujerar kwance a gindin kwakwa. Muka gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka daɗe da mutuwa. Gameli ya faɗi abin da ya kawo mu, ya sa masa tauraron a hannu. Tsohon ya shafa shi da babban yatsa, gaba da baya.

Sannan ya ce, "Ɗan Ametefe, wannan ba na ubanka ba ne."

Gameli ya yi murmushi irin na wanda ke lallaɓa tsoho, ya ce ai saitin gidan ya same shi, kuma su da kansu suka sa masa a akwati.

"Mu muka sa? Ka gani da idonka? Bargonsa muka sa masa da takardar sallama, su kaɗai ne a akwatin. Shekarar da muka yi maci a Akra neman haƙƙinmu aka harbe mutum uku a cikinmu, mota ɗaya muka dawo ni da ubanka. Da muka hau jirgin fito a kan Volta, ya ciro nasa tauraron daga aljihu ya wurga a ruwa. Ni na riƙe masa riga, na zaci binsa zai yi. Kai ba a ma haife ka ba."

Gameli ya tambaye shi, to na wane ne. Tsohon ya ce su goma sha ɗaya suka dawo Keta da irinsa, kuma Bature bai ga dama ya rubuta sunan kowa a jiki ba. Shi kansa nasa yana cikin durowa teku ta ɗauki gidansa da durowar. Ya laluba ya kamo hannun Gameli ya mayar masa, ya ce, "Ka je ka binne abinka. Ko na wane ne, tare muka sha ruwan kwata a dajin Bama. Ni ba zan gaya wa kowa ba, kuma kwana nawa ya rage mini."

Da ƙafa muka dawo, bai yarda mu hau mota ba. Duk hanya ni ke magana. Na ce mu uku kaɗai muka sani. Na ce an riga an sayi akuya, mutane sun kamo hanya. Na ce wataƙila tsufa ne ya rikita Togbi. Na roƙe shi da girman uwarsa ya yi shiru ya bar abin ya wuce, ko ya sami barci. Da muka zo mararraba ya ce in gaida yara, ya yi hanyar gidansa.

Ran Asabar aka kafa rumfa, makaɗa suka zo, dangi suka cika benci cikin baƙi da ja. Adzovi tana bayan gida da mata a kan tukwane. Seyram, lokacin tana karatun jinya, ta zauna kusa da ɗan akwatin. Da na ga ya fito da zanen ubansa a kafaɗa na yi ajiyar zuciya, na ce ya ji maganata. Babban gida ya miƙa masa kwalba ya tsiyaya ya kira sunan mamaci. Ya karɓa, ya riƙe ta, sai ya ajiye a ƙasa ba tare da ya buɗe ba. Ya faɗa musu duk abin da Togbi Dotse ya ce, bai rage komai ba, da murya kamar mai karanta sanarwa.

Wuri ya rikice. Wata gwaggonmu daga Lome ta ce da ma tun yana yaro haka yake, sai an gama shiri ya ɓata. Babban gida ya ja shi gefe ya ce abin da ake binnewa niyya ce, ba ƙarfe ba, ya rufa wa gida asiri a ƙarasa. Ina kusa na ji amsarsa.

"Ubana ya kira ni sau uku, wasiƙa uku, ban zo ba. Yanzu kuma in kwantar da wani a gadonsa in ce masa shi ne? Ba zan iya ba."

Abinci an riga an dafa, aka ci. Makaɗa suka ɗan taɓa suka naɗe kayansu. Kafin la'asar rumfa ta watse, wasu ko sallama ba su yi masa ba. Adzovi ta wanke tukwane, ta zo ta tsaya a kansa, ta ce ya ci wani abu, ya ce to. Ta bi motar yamma. Washegari ya koma Dzelukope shi kaɗai ya ba Togbi Dotse tauraron. Da tsohon ya rasu a shekara mai zuwa, da shi aka binne shi.

Na ɗauka zai jingine sandar, amma bayan mako guda ya fito. Sai dai ya daina farawa daga saitin gidanmu, duk inda ƙafa ta kai shi nan yake bi. Na tambaye shi yanzu kuma me ake nema, ya ce ƙafa ce ta saba. Tsofaffin Lahadi suka yi ta raguwa, mutuwa na ɗauka ɗaya-ɗaya, yaran yanzu kuwa ba su san an taɓa yin wani layi a cikin ruwan ba, balle su yi musu a kansa.

Sannan kunne ya fara tafiya, na hagu da farko. Ya ƙure ƙarar na'urar har mai wucewa yana ji, shi ba ya ji. Da yake mai gyara ne, ya buɗe ta ya haɗa mata ɗan ƙwan fitila da zai kama in ta bi kan ƙarfe, amma a ranar bakin teku ba a ganin hasken, sai ya riƙa kare shi da tafin hannu yana tafiya a sunkuye. Masu koma suka daina yi masa magana, don ba ya jin tsokanar balle ya rama. Wata rana yana tsallaka titi da sandar a kafaɗa, mai babur ya yi ta hon bai ji ba. Ƙugunsa ya karye. Seyram ta zo daga Ashaiman, inda take aiki, ta ce ba za ta bar shi ba, ta tafi da shi.

Gwangwanayen a ɗakina ya bar su, buhu bakwai. Damina biyu bayan tafiyarsa ruwa ya sake shigo mana har gwiwa, takardun duk suka jiƙe suka saɓule, gwangwanayen suka yi tsatsa suka fashe. Da na shanya kayan, kwabban layin kasuwa da na layin majami'a sun zama tsibi ɗaya. Na je duba shi sau biyu a Ashaiman ban gaya masa ba. Yana zaune a baranda a bene na biyu, yana kallon bayan wani gidan mai. Ya yi ƙiba, ya yi fari. In zan yi masa magana sai na rubuta a takarda. Abin da ya fi tambaya shi ne wa ya mutu.

Shekara huɗu ya yi a can. Da ya rasu Seyram ta kawo shi gida, muka binne shi a sabuwar maƙabarta kusa da uwarsa. Mutane ba su yi yawa ba, amma masu jan koma sun zo su kusan ashirin, suka karɓi akwatin daga mota suka ɗauka a kafaɗa, ba wanda ya roƙe su. Adzovi ta zo da sanda, ita ma ta tsufa.

Da yamma bayan an watse, Seyram ta zauna kusa da ni a bakin murhu tana taya ni juya kifi, don banda ba ta san makoki ba. Ta kira ni yadda muke kiran gwaggo, ta ce, "Tasi, shi kakan nawa wane irin mutum ne? Baba bai taɓa ba ni labarinsa ba, ko sau ɗaya." Shekarata goma sha bakwai a gida ɗaya da shi, amma abin da na iya tunawa shi ne tarinsa, da yadda yake cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa. Na gaya mata wannan. Ta ce to, ta ci gaba da juya kifin.